Haruffa masu kauri da zagaye a allon shago: inda suka dace da inda suke kawo matsala

Tambaya: "Ina shirin buɗe shagon yaji da kayan ƙamshi a Gwarinpa, Abuja. Mai zane ya kawo min samfuri da wasu haruffa masu kauri, zagayayyu, ya ce dangin Futura ne, kuma yana so a yi komai da su: allon shago, takardar da ake manna wa kwalba, da hotunan talla na WhatsApp. Sunan shagon na Hausa ne, akwai ƙ da ɗ a ciki. Sun dace kuwa? Me zan duba kafin in biya kuɗin bugu?"

Hajiya, Allah ya sanya albarka a wannan sana'a. Zaɓin mai zanenki yana da kyau, sai dai ya kai shi wuraren da bai kamata ba. Irin waɗannan haruffa gwanaye ne wajen ɗaukar kalma biyu ko uku su kai su nesa. Kamar kakaki suke: ana busa shi don a san sarki ya fito, amma ba a zama a yi hira da shi. Sunan shago da farashi babba, wannan aikinsu ne. Jerin kayan haɗi a jikin ƙaramar kwalba kuwa, wani salon yake buƙata. Kuma tunda sunan na Hausa ne, akwai gwajin da ya wajaba tun kafin a yi maganar kyau.

Bari mu fara da abin da aka kawo miki. Salon haruffa, wanda masu aikin kwamfuta ke kira font, yana da manyan gidaje biyu: masu 'yan ƙafafu a bakin kowace sanda, irin Times New Roman na takardun ofis, da marasa ƙafafu. A cikin marasa ƙafafun akwai dangin da aka gina kamar da kamfas da rula, daga da'ira, murabba'i da alwatika. Harafin O kusan cikakkiyar da'ira ne, A da V alwatika ne, kuma kaurin sanda kusan ɗaya ne daga sama har ƙasa. Futura ita ce mafi shahara a dangin. Paul Renner ne ya zana ta, kamfanin Bauer na birnin Frankfurt a Jamus ya fitar da ita a 1927, kuma da ita aka rubuta allon ƙarfen da 'yan sama-jannatin Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969. Bayanta an yi Avant Garde Gothic a 1970, Avenir ta Adrian Frutiger a 1988, Century Gothic a farkon shekarun 1990, da Gotham ta Tobias Frere-Jones a 2000, wadda yaƙin neman zaɓen Obama na 2008 ya yi amfani da ita. Akwai kuma na kyauta da ke Google Fonts, rumbun salon haruffa na Google a intanet, musamman Montserrat ta Julieta Ulanovsky, wadda ta ɗauko siffarta daga tsofaffin allunan wata unguwa mai wannan suna a Buenos Aires, da kuma Poppins.

Ba duka ɗaya suke ba, ko da yake daga nesa sun yi kama. A Futura ƙananan baƙaƙe gajeru ne, sandunan b, d, k, l kuma dogaye har sun zarce manyan baƙaƙe. Manyan baƙaƙenta ba faɗinsu ɗaya ba: E, F da S sirara ne, O, G da Q faffaɗa. Montserrat da Century Gothic ƙananan baƙaƙensu manya ne, kuma suna cin wuri a kwance ƙwarai. Wannan cin wurin shi ne tushen ɓarna da yawa da ake gani a allunan bakin titi, domin shi ke sa a matse rubutu don ya shiga allo.

Akwai abin da ido ba ya lura da shi amma yake jin daɗinsa. Haruffan nan ba lissafi tsantsa ba ne, an yi musu gyara don ido. Harafin O yana ɗan leƙa sama da ƙasan layin da H ta tsaya a kai, da kamar kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na tsayinsa, domin in bai leƙa ba sai a gan shi ƙarami. Sandar kwance, irin ta tsakiyar H ko E, an ɗan rage mata kauri fiye da ta tsaye, domin ido yana ganin layin kwance ya fi kauri. Inda cikin b ko d ya haɗu da sanda, an sirantar da mahaɗar don kada tawada ta taru ta yi dunƙule. A mai kauri wannan gyaran ya fi yawa, saboda wurin da ya rage a cikin harafin kaɗan ne. Shi ya sa ba a ja ko matse siffar harafin da hannu. Idan mai zane ya ja shi ya matse don ya shiga allo, duk gyaran ya rushe. Sandar tsaye mai santimita 4, in aka matse rubutun zuwa kashi 70, ta koma 2.8, ta kwance kuwa tana nan yadda take, sai harafin ya juye: saman O da ƙasansa su yi ƙiba, gefensa ya rame. Haka nan ƙara wa harafi layin kewaye a manhajar zane ta CorelDRAW don ya yi kauri, ko danna B na ƙara kauri a Word alhali ba a saka mai kaurin na asali a kwamfutar ba. Kaurin jabu yana cika cikin a da e, yana dakushe kusurwoyi, yana kuma cinye tazarar da ke tsakanin haruffa. Salo na kirki yakan zo da matakan kauri da aka zana dabam, daga mara kauri zuwa mafi kauri, kamar: Regular 400, Medium 500, SemiBold 600, Bold 700, ExtraBold 800, Black 900. A zaɓa daga cikinsu.

Yanzu gwajin da na ce ya wajaba. Yawancin waɗannan salo an zana su ne don harsunan Turai, kuma da yawa ba su da baƙaƙenmu masu ƙugiya: Ɓ ɓ, Ɗ ɗ, Ƙ ƙ, da Ƴ ƴ ga masu rubutu irin na Nijar. Tsofaffin Futura da AvantGarde masu BT a ƙarshen suna, waɗanda suka zo da CorelDRAW tun da daɗewa, ba su da su. Idan salo ba shi da harafi, ɗayan abu uku ke faruwa. Ko akwati fanko ya fito a wurin, wannan da sauƙi don kowa zai gani. Ko kwamfutar ta aro harafin daga wani salon ba tare da ta faɗa ba, sai ki ga Ƙ siririya mai wata siffa tsaye a tsakiyar haruffa masu kauri. A fuskar waya ba a cika lura ba, amma a allo mai faɗin ƙafa takwas kowa zai gani. Ko kuma, wanda ya fi yawa, mai zane ya gaji ya cire ƙugiyar ya sa K da D kawai. Kada ki yarda da wannan na ukun. Ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, haka faɗa da fada, kuma mai sayen da ya iya karatun Hausa yana gane shagon da ya kula da wanda bai kula ba.

Gwajin ba ya cin minti biyu. Ki sa a buga wannan layin da salon da aka zaɓa, a matakin kaurin da aka zaɓa, da manyan baƙaƙe da ƙanana: Ƙamshi, daɗi, ɓawo, kuɗi, 'ya'ya, ₦2,500. A faɗaɗa shi ya cika fuskar kwamfuta. Kaurin ƙ ya zama daidai da na k, tsayin ɗ daidai da na d, alamar naira kuma ta yi kama da lambobin da ke gefenta. A yi gwajin a kwamfutar da za a yi aikin da ita, domin salo ɗaya yana iya samun tsohon fitowa da sabo, ɗaya da ƙugiya ɗaya babu. In maɓallan kwamfutar ba su da haruffan, a Word ana rubuta lambar harafin sannan a danna Alt da X tare: 0198 don Ƙ, 0199 don ƙ, 018A don Ɗ, 0257 don ɗ, 0181 don Ɓ, 0253 don ɓ, 20A6 don ₦. A waya kuwa Gboard, manhajar madannai ta Google, yana da madannin Hausa.

In salon ya faɗi gwajin, hanya biyu ce. Ta farko, a canza zuwa wanda yake da haruffan. Noto Sans yana da su duka a matakan kauri da yawa. Ba zagayayye ba ne kamar Futura, amma shi ne mafi aminci ga ƙananan rubutu. Ta biyu, wadda ta dace da sunan shago kawai, ita ce a mayar da rubutun zane, wato kowane harafi ya koma siffa da ake iya yankewa da gyarawa, sannan a gina ƙugiyar da hannu. Ana yin haka da kyau in an aro lanƙwasar daga cikin salon kansa. Kan harafin f shi ne abin aro: a yanke shi a ɗora a saman sandar k, d ko b, yana lanƙwasawa zuwa dama. A manyan Ɗ da Ɓ ƙugiyar tana fitowa ne daga kusurwar sama ta hagu ta sauko kaɗan. A babbar Ƙ, hannun sama na dama ne aka fi lanƙwasawa. Kaurin ƙugiyar ya yi daidai da sandar kwance ta salon, bakinta kuma a yanke shi yadda aka yanke bakin f da r. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi ta ƙarama don kada ta ɓata tsari, sai daga mita goma ta ɓace. Ƙugiyar da ba a gani daga titi daidai take da babu. A kuma duba inda ɗ ta haɗu da i, kamar a daɗi da kuɗi, domin ƙugiyar tana faɗawa kan ɗigon i a mai kauri. A buɗa tazarar kaɗan a wurin kawai. Sai alamar ɗauri ta 'yan da sana'a: Word yana juya ta farkon kalma ta koma kamar buɗe zance, mai kama da 6, alhali mai kama da 9 ake so a ko'ina.

Akwai matsala ta biyu da ta fi shafar Hausa fiye da Turanci, kuma ba a cika faɗinta ba. A Futura, Century Gothic da Avant Garde, ƙaramin a da'ira ce da 'yar sanda a gefe, irin wanda ake koya wa yara a firamare. Haka b, d, g da p, duk da'irar o ce da sanda a wurare dabam-dabam. Hausa kuwa cike take da a. Ki rubuta babba, dabba, gada, gado, daddawa da ƙananan baƙaƙe masu kauri, ki ja baya: za ki ga jerin ƙwallaye, sai ido ya tsaya yana lissafin inda sanda take. A kalma ɗaya babba ba damuwa. A jimla mai layi uku, gajiya ce. Montserrat tana da a mai hawa biyu, irin na littafi, don haka ta fi sauƙin karantawa a Hausa. Haka babban I da ƙaramin l a Futura sanda ce kawai su biyun, kalma irin Ilimi sai ta fara da sanduna biyu masu kama da juna.

Mu koma allon. Ƙa'idar da masu yin allo suka saba da ita ita ce inci 1 na tsayin harafi ga kowace ƙafa 10 ta nisa, wato kamar santimita 2.5 ga kowace mita 3, in ana so a karanta ba tare da ƙura ido ba. Ki auna daga ƙofar shagon zuwa inda mai wucewa zai fara hango shi. In mita 20 ce, harafin ya kai santimita 17 aƙalla. In masu mota ake nufi, waɗanda daƙiƙa biyu ko uku kawai suke da ita, a kai shi 25. A auna tsayin babban H da rula, kada a dogara da lambar girman da kwamfuta ke nunawa, domin babban baƙi kamar kashi 70 ne kawai na wannan lambar: H mai santimita 20 yana buƙatar girma wajen 800. Ga inda lissafin ke tsayawa: a salo mai faɗi irin Montserrat Bold, kowane babban baƙi da tazararsa yana cin faɗi kusan daidai da tsayinsa. Suna mai haruffa 12 a santimita 20 zai ci kusan mita 2.4, allo mai ƙafa 8 kuma mita 2.44 ne, babu ko gefe. A nan ne hannu ke kaiwa ga matsewa. Mafita ita ce a raba sunan layi biyu, ko a yi farkon kalma da babban baƙi sauran da ƙanana, ko a ɗauki siririn da aka zana musamman, irin Futura Condensed. A bar fili a kowane gefe wanda bai gaza rabin tsayin harafin ba, ban da santimita 5 ko fiye da za a naɗe a bayan firam in fileks ne, wato ledar da ake buga allo a kai.

A ra'ayina Bold ko SemiBold ya fi Black a allo. Mutane suna ɗauka ƙarin kauri ƙarin gani ne, amma abin da ke sa a gane harafi daga nesa shi ne farin da ke cikinsa da wanda ke tsakaninsa da maƙwabcinsa. Kaurin sanda kamar kashi ɗaya cikin biyar ko shida na tsayin harafi ya isa. In allon mai fitila ne a ciki, da farin rubutu a kan duhu, haske yana malala ya ƙara wa harafin ƙiba da dare, don haka a sauko da mataki ɗaya na kauri a kuma ƙara tazara. In haruffan roba ne masu tudu da ake mannawa ɗaya-ɗaya, ƙurar hunturu tana kwanciya a cikin A, R da B, ƙaramin ciki kuma ya fi saurin toshewa. Launi ma a yi shi da bambanci mai ƙarfi: baƙi ko shuɗi mai duhu a kan fari ko rawaya, ko akasin haka. Ja a kan kore ko a kan baƙi ba ya fita, kuma ja yana cikin launukan da rana ke saurin kashewa a fileks.

Tazara tsakanin haruffa tana buƙatar ido, musamman a manyan baƙaƙe. Kalmominmu cike suke da A, W, Y, K da T, masu gefe a karkace: KAYA, WAYA, KASUWA, YAJI. Tsakanin Y da A rami ke buɗewa, tsakanin J da I kuwa sanduna na matsuwa, sai YAJI ya zama kamar kalma biyu. A rage ramukan da hannu har farin da ke tsakanin kowane harafi biyu ya yi kama da juna a ido, ba a rula ba. Dabarar dubawa ita ce a juya zanen ƙasa ya koma sama, a daina karantawa a ga siffa kawai. Ƙaramin layi na manyan baƙaƙe, kamar adireshi, yana son a buɗa shi da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari. Lambar waya mai lamba 11 a raba ta huɗu, uku, huɗu, kuma ɗaya ta isa.

Takardar kwalba ce wurin da zan saɓa wa mai zanenki kai tsaye. Sunan kaya, Yajin Daddawa ko Turaren Wuta, a yi shi da mai kaurin, girman 18 ko fiye. Kayan haɗi, nauyi, lambar NAFDAC in akwai, ranar yi da ranar ƙarewa, waɗannan a yi su da Regular ko Medium, girman 7 zuwa 8, da salo mai a mai hawa biyu. A wannan girman, in aka yi da Bold, tawada tana ɗan bazuwa a takarda ta rufe cikin e da a, sannan 3, 6, 8 da 9 su riƙa kama da juna, kuma ranar ƙarewa ba wurin kuskuren karatu ba ne. Ƙaramin baƙin rubutu a sa shi baƙi zalla, K 100, wato baƙar tawada kaɗai, ba haɗin launukan bugu huɗu da ake kira CMYK ba (C shuɗi, M ja-ja, Y rawaya, K baƙi), domin in farantan bugu suka ɗan goce sai gefen harafin ya yi inuwa mai launi. Haɗaɗɗen baƙi, irin C 60, M 40, Y 40, K 100, na manyan haruffa ne da shimfiɗa. Farin ƙaramin rubutu a kan launi mai duhu shi ya fi saurin lalacewa. In dole ne, a nan kam a ɗaga zuwa Medium ko SemiBold, kada ya gaza girman 8. Tazarar layi a ƙananan rubutu ta kai kashi 120 zuwa 140 na girman harafi, a babban take kuwa 100 zuwa 110 ya isa, sai dai a duba kada ƙugiyar ƙ ta taɓa wutsiyar g ko y na layin sama. In za a yi hatimin roba ko a ɗinka sunan a riga da injin surfani, kada harafi ya gaza milimita 6, kuma Black ba ya fita a ɗayansu.

A hoton WhatsApp salon yana aiki sosai, matuƙar kalmomin ba su wuce bakwai ko takwas ba. A duba shi a ƙaramar waya, a tsakar rana, ba a kwamfutar mai zane ba.

Saura miƙa aiki ga masu bugu, ko a Area 10 ta Garki ko a ko'ina. Kwamfutarsu ba lallai ta sami salonki ba, in kuma babu sai ta musanya da wani, ƙugiyoyin su tafi. A mayar da duk rubutu zane kafin a fitar da fayil: Ctrl da Q a CorelDRAW, Ctrl, Shift da O a manhajar Illustrator. A adana wani kwafi dabam wanda ba a mayar ba, don ranar da farashi ko lambar waya za ta canza. A fitar da PDF a launin CMYK, da rarar milimita 3 a gefen takardar kwalba don yanka. In ta WhatsApp za a tura, a tura a matsayin fayil, domin in aka tura a matsayin hoto yana matse shi, bakin da'irar O ya fito da tsani-tsani a babban bugu. Ki karɓi sunan salon da matakin kaurinsa a rubuce, da lambobin launi, don duk wanda zai yi miki aiki nan gaba ya yi iri ɗaya. Game da izini, Futura, Gotham da Avenir na saye ne, Montserrat, Poppins da Noto kuwa suna ƙarƙashin lasisin SIL Open Font License, wanda ya halatta amfani da su a kasuwanci kyauta.

Kafin a buga fileks ɗin gaba ɗaya, a fitar da haruffa uku na sunan a ainihin girmansu a takardun A4 ko A3, ciki har da mai ƙugiyar, a manna su a inda allon zai zauna. Ki tsallaka titi ki duba da rana, ki sake dubawa bayan magariba. Takardar kwalba ma a buga guda ɗaya a ainihin takardar da za a yi amfani da ita, a manna a kwalbar, a ba wani dattijo ya karanta ranar ƙarewa da kayan haɗi. In ya kai ta kusa da ido ko ya nemi haske, a ƙara girman da lamba ɗaya a rage kauri, sannan a ba da izinin buga sauran.